Ranar da Na Kashe Na'urar Zaure

Kun taso kuna jin ana cewa ni ce na kashe na'urar Kawunku Sani, kuma tun daga ranar bai sake cin tuwon gidana da daɗin rai ba. Wannan gaskiya ne. Da yatsana na danna maɓallin, ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da ake ƙarawa a gidajen biki da murya ƙasa-ƙasa, wai hassada ce ta ci ni, ko karambanin macen da ta yi lakwal, wato makarantar boko, shi nake so in warware muku tun idona yana ganin layin takarda. Kawunku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba ya nan balle ya kare kansa, don haka zan faɗi nasa ɓangaren yadda shi ma zai so a faɗa.

Sai kun san gidan da muka fito kafin ku gane rigimar. Kakanku Alhaji Mamman, mahaifinmu, mai masaukin fatake ne a Zango, kamar yadda ubansa ya yi. Baƙo zai sauka da kayansa, ya sayar da na sayarwa, ya ƙulle sauran a buhu ko a tsumma, ya miƙa wa Alhaji, ya kama hanyar Agadas ko Kano. Wani ya dawo bayan damina, wani bayan shekaru, wani kuma sai ɗansa ne zai zo. Abin da gidanmu ya yi suna a kai shi ne mai kaya zai tarar da ƙullinsa yadda ya ƙulla shi da hannunsa. Ba a kwancewa, ba a leƙawa, ba a sauya masa wuri ko da shara za a yi. A share gefensa a bar shi. Ina yarinya na taɓa tambayar Alhaji, idan gara ta shiga ciki fa, ta yaya za mu sani? Ya dube ni ya ce gara tsakaninta ne da mai kaya da Ubangiji, namu shi ne ƙulli. Ban gamsu ba, amma ba a ja da Alhaji.

Zamanin raƙuma ya wuce, manyan motoci suka ƙwace hanya, Alhaji ya rasu, zaure ya zama makwancin awaki. Ni na yi shekaruna ina buga keken rubutu a wani biro, wato ofishin gwamnati, har na ajiye aiki. Yaya Sani kuwa ya gwada kayan gyaran babur, ya gwada goro, babu sana'ar da ta karɓe shi. Sai Nuri, ɗan ƙanwar Innarmu, wanda ya karanci aikin na'ura a Yamai, ya zo hutu ya ce mana wannan zaure na bakin hanya ai siber yake nema, wato wurin da mutane za su zo su aika saƙo su karɓi saƙo ta na'ura. Muka haɗa hannu ni da Yaya. Nuri ya jera mana ƴan na'urori a zaure, sannan ya ɗauki guda mai nauyi ya shigar da ita tsohon ɗakin ajiyar Alhaji, inda ƙulle-ƙullen fatake suke kwana a da. Ita wannan ba a zama gabanta. Aikinta ta riƙe kayan mutane: akwatin saƙon kowa a cikinta yake, haka shafin ƙungiyar dukawa mai hotunan jakunkuna da takalma, da na matan da ke tatsar man gyaɗa, waɗanda ake gani har daga ƙasashen waje. Masu boko serber suke ce mata. Inna kuwa, da ɗakinta ke jikin bangon tana jin gurnaninta kullum, Mara Barci ta raɗa mata, kuma sunan ya bi ta. Kafin Nuri ya koma ya nuna mana wani layi a ƙasan allonta da ke faɗin tsawon lokacin da ta yi tana aiki tun kunnawar ƙarshe. Don raha ya nuna mana, yana ɗaure jakarsa. Bai san abin da ya dasa a zuciyar Yaya ba.

Kun dai san kuran ɗin Damagaram, wutar lantarkinmu, ya zo ba sallama ya tafi ba sallama. To Yaya Sani ya ɗaura ɗamarar cewa wannan layin ba zai koma farko ba muddin yana numfashi. Ya ƙara mata batura masu riƙe ta idan wuta ta ɗauke, ya sayo ƙaramin gurup, injin ba da wuta, ya koyi gane canjin muryar fanka tun kafin fitila ta yi rawa. Mutumin da a da ko tsinke ba ya ɗagawa a gida ya zama idan kuran ya tafi yana tsakiyar cin abinci, da miya a hannu zai ruga ya ja igiyar gurup. Ya ƙi zuwa ɗaurin auren ɗan amininsa a Mirya don babu wanda ya amince ya bar wa ita. Shekara ta zagayo, ta biyu ta zagayo, ta uku ta kama, na'ura ba ta taɓa ƙiftawa ba. Duk wanda ya zo buɗe akwati sai Yaya ya ja shi ɗakin ajiya, ya sa shi ya cire takalmi, ya nuna masa layin. Yawancinsu ba sa karanta lambar boko, amma suna gane fuskar mutum idan yana nuna abin alfaharinsa. Akwai wani siber kusa da tasha wanda mai shi ke kashe tasa na'urar lokaci-lokaci, ya manna takarda a ƙofa wai ana gyara. Mutane suka riƙa barinsa suna dawowa wurinmu, suna cewa gidan Alhaji Mamman dai har yanzu ƙulli ba ya motsi. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma maganar tana yi mini daɗi.

Sai dai ni Allah ya yi ni da son sanin cikin abu. Kowace safiya idan na shiga shara, in share gefenta in bar ta, sai in tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon layin, ina tambayar kaina me yake aunawa. Na yi shekaru da keken rubutu, na san ƙarfe yana gajiya, na san abin da ba a buɗewa ƙura ke cika shi. Wata rana muna karin kumallo a tsakar gida na kasa riƙewa.

"Yaya, wai idan aka kashe ta, za ta tashi?"

"Wa ya ce miki za a kashe ta?"

"Ba wanda ya ce. Tambaya nake yi. Tun da aka kunna ta ba mu taɓa ganin tashinta ba."

"Ke tun kina ƙarama haka kike. Abu yana zaune lafiya sai kin tone shi."

Inna tana gefe tana kaɗa kokonta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Rabi, bar masa abarsa. Tun da aka kawo ta ya daina yawon majalisa. Ni dai ta yi mini rana."

Ana haka shekarar nan ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka da murna, gero ya kai ƙugu, sai sama ta ɗauke ta bushe kamar ba ta san mu ba. Ɗan abin da ya tsira a kwari, fara ta zo ta ƙarasa. Kafin rani ya tsaya, ƙauyukan Hamdara da na wajen Damagaram Takaya sun zube da maza. Duk mai ƙarfin ɗaukar jaka ya kama hanya, wasu kudu, wasu arewa ta cikin sahara. Wayar hannu ba ta kai ƙauye ba a lokacin. Saboda haka kafin yaro ya tafi sai ya biyo ta zaurenmu a buɗe wa gidansu akwati, ya rubuce adireshin ya cusa a aljihu. Ranar Alhamis, ranar babbar kasuwa, tsofaffi suke shigowa gari da ɗan itace ko akuyar da ta rage, su biyo su zauna a tabarma, ni kuma in buɗe in karanta musu. Wani ya tashi da fara'a, wani in ce masa babu komai tukuna, ya ce to, Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye shi.

A cikinsu akwai Malam Ilu, limamin wata ƴar unguwa a Hamdara, dogo siriri mai ƙarancin magana. Ɗansa namiji ɗaya ne, Habu, kuma ta arewa ya bi. Sau ɗaya tak Habu ya aiko da saƙo, ta akwatin wani abokin tafiyarsa: gajeriyar gaisuwa da hoto, yana tsaye jikin wani bango a garin da ba mu sani ba. Muka mayar da amsa, abokin ya ce sun rabu, Habu ya ƙara gaba, bai san inda ya nufa ba. Daga baya akwatin abokin ma ya daina karɓar saƙo. Habu bai taɓa ɗaukar hoto a gida ba, wannan shi kaɗai ne uban yake da shi a duniya. Duk Alhamis Malam Ilu zai zo, in duba in ce babu sabo, sai ya ce, to buɗe mini tsohon. Ya matso da fuskarsa dab da gilashi don idonsa ya fara rauni, ya daɗe a haka, sannan ya yi hamdala ya tashi. Na sha ce masa in fitar masa da shi a takarda ya tafi da shi gida. Ya ce shi hoto ba ya shiga ɗakinsa, bai taɓa ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ban da haka, idan uwar yaron ta samu abin zama ta kalla ba za ta ƙara cin abinci ba. A nan ya fi, in ji shi, inda ba ya ɓata.

Bazarar da ta biyo ta zo da zafin da ban taɓa gani ba, kuran kuma ya riƙa tafiya yini guda. Batura suka gaji. Na fara jin wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin ajiya, na taɓa ɗaya daga baturan na ji ya yi zafi ya kumbura. Ita kanta na'urar muryarta ta canza, wani ɗan ƙas-ƙas ya shiga cikin gurnanin. Allah ya kawo Nuri a makon, ya zo ta'aziyyar wani baffansa, na ja shi ɗakin tun bai sha ruwa ba. Ya duba, ya shinshina, ya ga layin ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Yaya Sani, wai tun ranar da na tafi?"

"Ko ƙiftawa," in ji Yaya, yana gyara zaman hularsa.

"Wallahi ka yi ƙoƙari. A Yamai ma ban ga wanda ya yi haka ba. Amma baturan nan sai an cire su, za su iya kamawa da wuta. Kuma yadda na haɗa wayoyin, ba sa ciruwa sai an kashe ta."

Na ce, "Nuri, ni tambayata ɗaya ce. Wannan layin me yake faɗa?"

"Yana faɗin ba a kashe ta ba, Yaya Rabi."

"Yana faɗin tana da lafiya?"

"A'a, wannan bai sani ba. Akwai faifai a cikinta da ke juyawa, a kansa kayan mutane suke. Irin wanda ya daɗe yana juyi cikin zafi, wani idan ya tsaya ya huce ba ya sake tashi, wani kuma ya tashi lafiya lau. Ba mai sani sai an gwada. Akwai kuma gyare-gyaren da ake aiko mata na toshe ƙofar ɓarayi, ba sa kamawa sai an kashe an kunna. Duk suna nan jibge suna jira. Shi ya sa mutumin tasha yake kashe tasa."

"Shi ya sa kuma mutane suka gudo daga wurinsa," in ji Yaya.

"Haka ne," Nuri ya ce, bai ja ba.

Abu biyu na ji a lokaci guda: daɗin samun amsar da na daɗe ina nema, da tsoron abin da amsar ta ƙunsa. Nuri ya ce mafitar mai sauƙi ce. Kafin a kashe, a kwafe duk abin da ke ciki zuwa ƙaramar na'urarsa ta jaka. Idan faifan ya ƙi tashi, a zuba a sabo. A nan ne Yaya ya miƙe tsaye. Kashewar ma bai yarda da ita ba, amma kwafin ya fi ɓata masa rai.

"A ɗebi sirrin mutane a zuba a jakar da za ta hau mota? A ɗakin nan? Alhaji ko buhun gishiri bai taɓa kwancewa ba."

"Yaya, ba karantawa za a yi ba."

"Mai kwance ƙulli ma cewa yake ba ɗauka zai yi ba."

Kada ku yi wa Kawunku dariya. Ni nake karanta saƙonnin nan, na san abin da ke ciki. Akwai wanda ya rubuto yana tsare a hannun hukuma, yana roƙon kada a gaya wa uwarsa. Akwai wanda ya yi aure a can bai faɗa wa matarsa ta gida ba. Mutanen nan ba Nuri suka ba ajiya ba, sunan gidan Alhaji suka ba. Muka kwana muna ja, muka tashi muna ja, har Inna, wadda warin ya koro daga ɗakinta zuwa gindin bishiya, ta gaji ta yanke hukunci.

"Sani, ni ba zan ƙone a kan tabarmata don lamba ba. Za a kashe. Ke kuma Rabi, ba ki da ikon taɓa kayan mutum sai da bakinsa. Masu kayan nan ba a Agadas suke ba, duk Alhamis suna ƙofar gidan nan. Ki tambaye su."

Nuri ya ɗage tafiyarsa, ya juya wa baturan fanka su ɗan huce, ni kuma na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, na zaga mutanen gari, na jira na ƙauye a zaure, waɗanda ba su zo ba na aika musu ta bakin maƙwabtansu. Na ji abubuwa a zagayen nan. Shugaban dukawa ya ce in kwafa sau goma idan ina so, shi dai jakunkunansa su ci gaba da bayyana. Wata tsohuwa daga wajen Takaya ta tambaye ni ko idan an kwafa na ainihin zai ragu, kamar an ɗebi miya a tukunya. Da na ce ba ya raguwa sai ta ce to wannan ai ba ɗiba ba ce, in yi. Mai auren ɓoye, ubansa ya yi dogon tunani kafin ya ɗaga kai. A ƙarshe kowa ya yarda, sai Malam Ilu.

"Wato hoton Habu zai zama biyu," ya ce, bayan na gama bayani.

"E, Malam. Ɗaya a nan, ɗaya a wurin Nuri na ɗan lokaci, sannan a goge."

"Shi Nurin ɗan wa ne?"

Na faɗa masa.

"Ban san shi ba. Hoton mutum ba abin yawo ba ne, ƴar Alhaji. Yaron yana kan hanya, ban san hannun da surarsa za ta faɗa ba."

"To in fitar a takarda in kulle a akwatina na ɗaki. Ba wanda zai gani."

"Biyu dai ke nan."

Sai ya juya wajen Yaya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

"Malam Sani, na'urar nan ta taɓa ba ka kunya?"

"Ba ta taɓa ba, Malam. Shekara ta uku ke nan ko ƙiftawa ba ta yi ba."

Gaskiya ya faɗa, bai ƙara ko kalma ba. Na ce, "Malam, rashin ƙiftawar ne abin tsoron. Ba wanda ya taɓa ganin ta tashi. Idan ta ƙi, hoton ya tafi ke nan." Na maimaita masa har sau biyu don kada ya ce bai ji ba. Ya yi ɗan murmushi irin na babba ga yarinya.

"Abin da ya yi shekaru a tsaye, hutun rabin yini ne zai kayar da shi? A bar mini ajiyata inda na ajiye ta. Na gode."

Ranar Asabar da hantsi muka yi aikin. Yaya ya zura rigarsa ya fita, ya zauna wurin mai shayi a tsallaken hanya, ya ba gidan baya. Nuri ya jona ƙaramar na'urarsa ya fara kwashewa, ina tsaye a kansa. Can ya dakata ya ɗago.

"Yaya Rabi, ware na mutum ɗaya ya fi kwashe duka wahala. In bar na dattijon ya bi sahu? Ba wanda zai sani. Idan ta tashi in goge."

Na ga hankalin maganarsa sarai, kuma da ni kaɗai ce a duniya da na ce to. Amma dattijon nan ya kalli idona ya ce a'a, bayan na faɗa masa haɗarin da bakina. Idan a'arsa ba ta da nauyi, to me ya kai ni zaga gari cikin rana ina tambayar mutane? Akwai kuma wani abin da sai daga baya na gane. Ni da na fi kowa tuhumar layin nan, shekarun da na yi ina ganinsa kowace safiya sun shige ni. A can ƙasan raina ni ma ina ganin za ta tashi.

"Ware shi," na ce.

Da ya gama ya matsa gefe, ya ce gidanmu ne, ba shi zai danna ba. Na danna. Gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Daga gindin bishiya na ji Inna tana cewa ashe haka gidan yake da shiru. Muka fitar da baturan waje, Nuri ya buɗe cikin na'urar ya kwaso ƙura da gashin awaki da busasshiyar tsaka guda, ya haɗa sababbin batura. Bayan azahar na sake dannawa. Fitila ta kama, fanka ta juya, har na fara sakin numfashi, sai faifan ya yi ƙat, ƙat, ƙat, ya tsaya. Nuri ya kashe ya kunna, ya jijjiga, ya ɗumama shi a rana, ya sauya masa waya, har la'asar. Daga baya ya tafi da shi Yamai wurin waɗanda suka fi shi sani, amma tun a ranar ya gaya mini kada in sa rai, kuma haka aka yi. Washegari ya zuba kwafin a sabon faifai. Jakunkunan dukawa suka dawo, man gyaɗa ya dawo, saƙon kowa ya dawo wurinsa. Akwatin Malam Ilu ma aka sake buɗe shi da adireshinsa na da, ba komai a ciki.

Yaya ya shigo ɗakin ajiya ranar Lahadi, ya tsaya ya kalli layin, wanda yanzu ƴan sa'o'i kawai yake nunawa.

"Da ba ki taɓa ta ba, da yanzu tana aiki."

"Ƙila, Yaya."

"Ba ƙila ba."

Ya ajiye mini makullin gurup a kan tebur ya fita. Bai sake shiga ɗakin ba. Ya koma majalisarsa, kuma abin da Inna take tsoro ya faru, ya koma mutumin da ba shi da abin tashi dominsa. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Wasu masu akwati ma sun bar mu, suna cewa gidan Alhaji ya fara motsa ƙulli. Ni kuwa daga lokacin duk wata sai na kashe na'urar da rana tsaka, na share cikinta, na kunna, na gwada kwafin in ga yana buɗewa. Kuma ba na karɓar ajiyar kowa sai ya yarda da kwafi tun a ranar farko. Layina bai ƙara yin tsawon da za a nuna wa baƙo ba.

Na yi shekaru ina juya maganar Yaya. Da ban taɓa ta ba, ƙila ta ƙara mako, ƙila ta ƙara shekara, ƙila baturan su tashi da ɗakin Inna. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, layin ma bai sani ba. Abin da na kai ga fahimta shi ne, layin nan bai taɓa auna na'urar ba. Kawunku yake aunawa: tuwon da ya bari ya huce, bikin da ya ƙi zuwa, igiyar gurup da ta ci masa tafin hannu. A wannan kam lambar ba ta yi ƙarya ba, kuma duk wanda ya ce muku Kawunku ba mai riƙon amana ba ne ku ce masa ni na ce ƙarya yake. Mutane sun ga amanar mutum suka ɗauka lafiyar ƙarfe ce. Habu kuwa, tunda na san za ku tambaya, har Malam Ilu ya daina iya zuwa gari akwatin bai karɓi komai ba.

Amma Alhamis ɗin da ta biyo bayan kashewar ita ce ta fi tsaya mini. Na hango shi tun daga bakin kasuwa, da sandarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, na duba na ce babu sabo. Ya matso kamar kullum.

"To buɗe mini tsohon."

Na faɗa masa. Ban kewaya ba.

"Na sauran mutane fa?"

"Sun tsira, Malam."

"Alhamdu lillahi." Ya shafa gemunsa. Sannan a hankali, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ba ki ɗan ajiye ba? A ɓoye?"

"Ka ce kada a taɓa."

"Na ce," ya amsa. "Ni na ce."

Ya juya kofin ruwan a hannunsa.

"Ƴar Alhaji, idonki ya fi nawa, kuma kin sha ganinsa. Faɗa mini yadda yake."

Na fara. Na ce bangon fari ne, da rabin wata ƙofa shuɗiya a gefe. Na ce rigarsa mai dogon hannu ce, ba wadda ya bar gida da ita ba. Ya ɗaga kai. Na ce ya ɗan rame a wuya, hannunsa na dama yana cikin aljihu.

"Na hagu," in ji shi.

"Na hagu. Akwai kuma inuwar wanda ya ɗauka a ƙasa, wajen ƙafarsa."

"Wannan ban lura ba. Fuskar fa? Murmushi yake yi?"

Na runtse ido: bango ya zo, ƙofa ta zo, riga ta zo, fuskar ta ƙi zuwa. Ni da nake buɗe hoton nan duk mako. Ƙarya tana nan a bakin harshena, mai sauƙi, kuma da ta yi masa daɗi.

"Ban tuna ba, Malam."

"Ni ma tun ɗazu nake nema," ya ce. "Kullum cewa nake mako mai zuwa zan ƙara dubawa da kyau."

Ya dafa sanda ya miƙe, ya laluba takalminsa da ƙafa.

"Uwarsa za ta tambaye ni yau ma. Kullum ce mata nake yana murmushi."